Martani Ga Mai Cewa Kada A Taɓa Man Giyar Tsohuwar Mota

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa ma'abucin alƙalami ya rubuta kwanakin baya game da tsofaffin motoci masu giyar otomatik, inda ya yanke hukunci, ba tare da ya keɓe wata mota ko ya togace wani hali ba, cewa duk motar da ta kwana biyu, ta ci hanya, ba a kuma san ranar da aka yi wa giyarta juye ba, to mai ita ya daure ya ƙyale man nan yadda ya same shi, domin a ganinsa tsohon man shi ne ke riƙe da giyar, ranar da aka zubar da shi kuwa ranar za a fara neman kuɗin wata. Maƙalar ta yi armashi, kuma ba ni da shakka nasiha ya nufa ga talakan da ya daɗe yana tari kafin Allah ya hore masa abin hawa. Amma tun da yake maganar ta tashi daga bakin gareji ta shiga takarda, inda wanda bai san kan abin ba zai ɗauke ta tamkar nassi, ya zama wajibi a ce wani abu, gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba.

Hujjar malamin, in na fahimce shi daidai, ita ce fayafayan nan da makanikai ke kira faiba, waɗanda ke kama giya su sake ta, suna cinyewa a hankali garinsu yana zuba cikin mai, wannan garin kuma shi ke ba tsohon mai kaushin da faibar ke kamawa da shi, ta yadda in aka zuba sabo mai santsi, mai sinadarin wanki, sai ya tafi da kaushin, ya kuma tayar da daɗaɗɗen datti ya kai shi ya toshe ƙananan hanyoyi. Ya ƙarfafa wannan da shaidar masu gareji, waɗanda kusan kowannensu yana da labarin motar da ta shigo da ƙafafunta, aka yi mata juye, aka fitar da ita da igiya. Sa'an nan ya rufe da cewa kamfanonin Turai da kansu sun ƙera motocin da ba su da ko gejin auna man giya, suka ce man ba ya bukatar canji. Ban ƙaryata masu gareji ba, abin da suka gani sun gani. Inda muka rabu da malamin shi ne wajen gano musabbabi, domin zuwan abu a bayan wani abu bai isa ya zama dalilin cewa na farkon ne ya haifi na biyun ba.

Malaman usulu sun ce hukunci a kan abu reshe ne na sanin surarsa, saboda haka sai mu fara da aikin da man nan yake yi. A motar da ake sa wa giya da hannu, aikin mai bai wuce shafe haƙoran ƙarfe don kada su ci juna ba. Amma tun daga 1939, shekarar da kamfanin General Motors na Amurka ya fito da giyar Hydra-Matic a motocin Oldsmobile, aka ɗora wa man giya nauyin da ba a ɗora wa wani mai a jikin mota ba. Shi ne ke ɗauko ƙarfin inji ya miƙa wa giya ta cikin rufaffen kwanon nan da ake kira kwanbata, inda fikafikan da ke manne da inji ke watsa mai da ƙarfi, man ya bugi fikafikan ɗaya ɓangaren ya juya su. Shi ne famfo ke matsawa ya tura cikin wasu siraran hanyoyi da aka sassaƙa a jikin farantin alminiyam, waɗanda bawuloli ke buɗewa suna rufewa bisa umarnin kwamfutar mota, har ya je ya tura fistan, fistan ya matse faiba da faifan ƙarfe, giya ta shiga. Shi ne kuma ke kwashe zafin da duk wannan ya haifar ya kai shi lagireto ya huce. Bayan waɗannan akwai aikin da ido ba ya gani, wato sinadaran da aka gauraya a cikinsa su ne ke ƙayyade yadda faiba za ta kama, kada ta fizga, kada kuma ta sulɓe. To, abin da ke ɗauke da waɗannan ayyuka duka, in aka ce lalacewarsa ita ce amfaninsa, lalle nauyin kawo hujja yana wuyan mai da'awar.

Babban abokin gabar man nan zafi ne. Giya mai lafiya tana aiki man yana wajen digiri 80 a ma'aunin Salshiyos, kuma sananniyar ƙa'ida ce wurin masana sinadarai cewa duk ƙarin digiri goma yakan kusa ninka saurin da iska ke lalata mai. Sai malam, Allah ya gafarta masa, ya dubi inda muke. A watan Afrilu zafin inuwa a Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40, ga mota tsaye a cunkoso, giya na ciki, ƙafa na kan birki, kwanbata na ta dama mai, babu iskar tafiya da za ta ratsa lagireto, ga mutane an cika, ga buhuna a but. Littattafan da kamfanoni ke bayarwa tare da mota suna ɗauke da jadawali biyu, na tuƙin yau da kullum da na tuƙi mai tsanani, na biyun kuwa da aka siffanta shi da zafi da ƙura da yawan tsaye-tsaye da ɗaukar kaya, ai halinmu ne aka siffanta. In man ya daɗe cikin wannan hali sai ya tsinke, sinadaransa su ƙare, ya fara barin wani danƙo mai ruwan ƙasa a jikin bawuloli har su riƙa maƙalewa, robobin da ke tsare matsi su bushe su ƙanƙance. Matsi ya ragu, faiba ta riƙa sulɓi kafin ta kama, sulɓin ya ƙara zafi, zafin ya ƙara cin man, haka abin zai yi ta zagayowa yana ƙaruwa. Garin faibar da malam ya ɗauka magani ne a nan ya samo asali, kuma da yake yawo yake yi cikin mai, yana bi ta ramukan bawuloli yana goge su yana faɗaɗa su, yana kuma toshe filta har famfo ya riƙa jan mai da ƙyar.

Adalci ya wajabta in faɗi inda maganarsa take da gaskiya. Akwai giyar da ta riga ta ƙare: man ya yi baƙi ƙirin, yana warin ƙuna, in an murza shi a yatsa a ji ɓarɓashi, in an sa giya sai ta yi jinkiri kafin ta amsa, a kan hanya kuma inji ya yi ta ihu mota ba ta ƙara gudu. Irin wannan zai yiwu ƙwarai kaurin dattin ya zama shi ke ɗan toshe yoyon robobi ya ja ta na wani ɗan lokaci, sabon mai kuwa ba ya mayar da faibar da ta cinye, saboda haka wanda ya ce wa mai ita ya adana kuɗin mai ya haɗa da na gyara bai cuce shi ba. Amma wannan hukunci ne keɓantacce ga giya mai wannan siffa, malam kuwa ya ɗauke shi ya game dukkan tsofaffin motoci da shi, har da wadda manta ya yi duhu kawai alhali tana shiga giya lafiya lau. Ƙiyasta wannan da waccan ƙiyasi ne tare da bambanci, ba a karɓar irinsa a zauren fiƙihu, ban ga kuma dalilin da za a karɓe shi a gareji ba.

Mu koma kan shaidar masu gareji, don ita ce ginshiƙin maƙalar. Tambayar da malam bai yi ba ita ce, yaushe ne mutanenmu ke tunawa da man giya? Baƙin mai kowa ya san shi, ana yi masa juye a kan kari, har akan rubuta ranar a liƙa. Man giya kuwa ba mai waiwayarsa sai ranar da mota ta fara fizga, ko ta yi nauyin tashi da safe, ko ta ƙi shiga ribas, ranar ne ake garzayawa gareji a ce a canza mai ko Allah ya sa a dace. Ke nan mafi yawan motocin da ake yi wa juyen man giya a wurinmu cuta ce ta kawo su, in kuma suka tsaya bayan mako biyu sai a ɗora laifi a kan abin da aka yi na ƙarshe, a manta da shekarun da aka shafe ba a yi kome ba. Misalinsa mai soro ne da ya bar yaɓe damina bayan damina har ruwa ya ratsa ya ci azara, da ya ga ɗigo ya kira magini ya ɗora sabuwar ƙasa, soro ya rufta, ya shiga gari yana cewa yaɓe ne ke rushe soro. Motocin da aka yi wa juye a kan lokaci suka ci gaba da tafiyarsu ba wanda ke ba da labarinsu, don ba su koma gareji da abin faɗa ba, mai gareji kuwa abin da ya dawo gabansa shi yake ƙirgawa.

Akwai ma shaidar da ta fi wannan ƙarfi, tana faruwa kullum a garejin da malam ya kafa hujja da su. In giya ta mutu me ake yi? Ana zuwa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a sayo ta Beljiyam, wadda ita ma tsohuwa ce, an ciro ta daga motar da ba a san shekarunta ba, ba a san nisan da ta yi ba, kuma kafin ta ƙetare teku ta zo hannunmu galibin man da ke cikinta ya riga ya tsiyaye. Makanike ya ɗaura ta, ya cika ta da sabon mai tun daga ƙasa har sama, mota ta tashi ta yi shekaru. Da sabon mai guba ne ga tsohuwar giya, da wannan sana'a ba ta kwana ba. Haka kuma motar da ta sauka a Legas ko Kwatano daga Amurka, wa ya tabbatar wa malam cewa ba a taɓa yi mata juye ba? Ba mu da tarihinta, lambar da mita ke nunawa ma ba kowace ake amince wa ba, mai yiwuwa wanda ya fara mallakarta ya kiyaye jadawali sarai, mu ne za mu yanke wannan kiyayewa da sunan taka-tsantsan.

To amma akwai motocin da suka shiga gareji lafiyarsu ƙalau juyen ya kashe su, wannan ban musa ba; sai dai in aka bi sawu akan tarar matsalar tana ga abin da aka zuba, ko yadda aka zuba shi. Ya zama al'ada a wurinmu a ɗauka man giya iri ɗaya ne, in dai ja ne shi ke nan, alhali jan nan rini ne da ake sawa don a bambance shi da sauran mai in ya ɗiga a ƙasa. General Motors ya kafa ma'aunin Dexron a 1967, ya fitar da Dexron III a 1993 da Dexron VI a 2005, daga ƙarshen 2006 kuma ya daina ba kowa lasisin Dexron III, ma'ana duk galan ɗin da aka rubuta wa wannan suna a yau ba ya ƙarƙashin sa idon kamfanin da ya kafa ma'aunin, ingancinsa ya rataya ne ga amanar wanda ya haɗa shi. Duk da haka shi ake ɗura wa kowace mota. Toyota Camry ta 1997 zuwa 2001 za ta karɓe shi, don a kansa aka tsara ta. Amma Camry ta 2002 zuwa 2006 da Corolla ta zamaninta T-IV suke sha, Camry ta 2007 kuma WS, wanda ya fi tsinkewa, kamfanin kuwa bai yarda a musanya su da juna ba, har ma yakan buga sunan man a jikin gejin don kada a yi kuskure. Honda ta wancan zamani ƙirar giyarta dabam ce da ta sauran, haƙoranta a kan sanduna suke jere irin na giyar hannu, tana da manta na musamman, ATF-Z1, wanda daga baya aka maye gurbinsa da DW-1. Littafin Accord ta 2003 bai halatta Dexron III ba sai a halin larura, na ɗan lokaci, da sharaɗin a fitar da shi da zarar an sami dama, mu kuwa mun mayar da rangwamen larura ya zama asali. Peugeot 406, wadda aka harhaɗa da yawa a Kaduna, mai giyar AL4, man da aka tsara mata shi ne LT 71141, shi kuwa tun yana sabo ba ja ba ne, ruwan zuma ne, wanda bai sani ba sai ya gan shi ya ce ya lalace, ya zubar ya cika ta da ja. Nissan Murano da ire-irenta masu giyar CVT kuwa, wadda ɗamarar ƙarfe ke ja a maimakon haƙora, zuba mata man giya na gama-gari hanya ce ta halaka ta. In aka ƙara da jabun mai da ake ɗurawa a galan mai kyakkyawan tambari, sai a ga cewa da yawa daga gawarwakin da malam ya ƙirga a kan sabon mai, a kan baƙon mai ya kamata a ƙirga su.

Sai kuma awo, wanda ake rainawa. Man giya yana kumbura in ya yi zafi, shi ya sa geji yake da alama biyu, ta sanyi da ta zafi. In man ya gaza, famfo ya ja iska, matsi ya faɗi, faiba ta ƙone. In ya wuce kima, ƙarafan da ke juyawa su kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta tura fistan, sakamakon ya zama ɗaya. Kowace mota da sharaɗin awonta. Toyota ana auna ta inji na aiki, giya na kan P, bayan ta yi zafi, a wuri mai daidai. Honda sai an kashe inji a auna tsakanin minti ɗaya da minti ɗaya da rabi. AL4 ba ta da geji sam, wani noti ake kwancewa a ƙasa man yana wajen digiri 60, a bar abin da ya yi yawa ya tsiyaye. Yaron garejin da ya yi wa Honda awon Toyota zai ƙara ko ya rage a kan kuskure, mai mota ya tafi bai sani ba.

Game da tayar da datti kuwa, a nan malam ya haɗa ayyuka biyu mabambanta ya ba su hukunci guda. Akwai wanki, akwai juye. Wanki shi ne a zuba wani sinadari mai narkar da danƙo, ko a haɗa na'ura da bututun lagireto ta kore tsohon mai gaba ɗaya a zama guda, ko abin da ya fi muni, wanda na sha gani da idona, a ɗauraye cikin giya da fetur ko kananzir. Wannan, a tsohuwar giyar da ba a san tarihinta ba, ina tare da malam wajen hana shi, kamfanin Honda ma ya daɗe yana gargaɗin wakilansa a kan na'urar wanki. Juye kuwa bai wuce a kwance noti, abin da ke kwanon ƙasa ya zubo da nauyin kansa, a auna shi, a mayar da gwargwadonsa ba. Galibi ba ya fitar da ko rabi, don sauran yana cikin kwanbata da bututu. A ƙaddara giya tana ɗaukar lita 7, juye yana fitar da 3. Bayan na farko lita 4 na tsoho sun rage. In aka yi tafiya man ya gauraya aka sake, tsohon ya koma lita 2 da 'yan kai. A karo na uku bai kai lita ɗaya da rabi ba. Ke nan sabon mai a hankali yake shiga, giya tana sabawa da shi, mai mota yana lura, in ya ji wani baƙon hali bayan na farko yana da damar dakatawa. Littafin Accord da kansa wannan hanyar ya koyar, a yi juye a ɗan yi tafiya har sau uku, a rufe da na huɗu. Sinadarin wankin da ake tsoro kuwa, wanda ke cikin man giya bai kai na baƙin mai ba ko kusa, don giya ba ta ƙona fetur, ba ta yin toka da hayaƙin da za a wanke.

Hujjar rufaffiyar giya ita ce ta fi shiga kunne, ita ce kuma mafi rauni. Gaskiya ne kamfanin Mercedes ya fito da giya mai lamba 722.6 wajen 1996, wadda ke cikin C-Class da E-Class da ML na wancan zamani, ya rufe bakin bututun bai sa geji ba, ya ce man zai kai ƙarshen ran giyar. Amma labarin bai tsaya nan ba, domin bayan shekaru kamfanin ya sauya magana, ya sa a canza mai da filta in mota ta yi kilomita 60,000, fatawar da mai ita ya janye kuwa ba a kafa hujja da ita. BMW ma ya faɗi irin wannan, amma ZF, kamfanin Jamus wanda ya ƙera da yawa daga giyoyin da ke cikin BMW, ya ba da shawarar canji tsakanin kilomita 80,000 da 120,000, ko bayan shekara takwas, ga motar da ke aiki mai tsanani, wanda ya ƙera abu kuwa ya fi wanda ya saya ya ɗaura sanin halinsa. Ita AL4 kwamfutarta tana ƙirga tsufan mai da kanta gwargwadon zafin da ya sha, har ana bukatar a sanar da ita in an yi juye. Wanda ya sa wa giya irin wannan lissafi ai ya riga ya shaida cewa man na tsufa. Sa'an nan kada a manta, lissafin kamfani a kan mai saye na farko yake, a ƙasa mai sanyi, motocin nan kuwa ba su iso gare mu sai bayan wa'adin da aka lissafa ya wuce.

Ban ce juye na warkar da kome ba. Akwai giyoyin da aibinsu daga ƙira yake. A 2004 kamfanin Honda ya kira wasu motocinsa masu silinda shida a dawo da su don gyara, ciki har da Odyssey da Accord, saboda haƙoran giya ta biyu ba su samun isasshen mai suna ɗaukar zafi, AL4 kuma an san ta da matsalar bawulolin lantarki masu daidaita matsi. Irin waɗannan ko da wane mai za su iya tsayawa, in kuma tsayawar ta dace da bayan juye, su ma a kan juyen ake lissafa su.

Abin da nake roƙon malam shi ne ya mayar da hukuncinsa ya zama na tafsili, ya ce wa mai karatu a duba kafin a yanke. A ja geji a ɗiga man a farar takarda, a sansana, a murza. In mota tana shiga giya daidai, man ya yi duhu amma ba ya warin ƙuna, a yi juye da man da kamfani ya ambata, daga wurin da aka amince da shi. In giyar mai kwanon ƙasa ce a sauke kwanon, don a nan gaskiyar take: akwai maganaɗisu a ciki, in laushin toka-toka ne kawai ya manne masa wannan cin yau da kullum ne, a goge, in kuwa an tarar da ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko gutsattsarin faiba, to a faɗa wa mai mota gaskiya tun a nan, kada a karɓi kuɗinsa a kan fatan da ba shi da tushe. A canza filta da gaskit, a share kwanon da ƙyallen da ba ya barin zare, a kiyaye ƙura, musamman da hunturu, don ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta maƙale bawul. Hondar wancan zamani ba ta da kwanon da ake saukewa, maganaɗisunta a kan notin juye yake, shi ake dubawa. Dukiya amana ce, kuma tsakanin kuɗin lita uku na mai da kuɗin giyar Beljiyam da ladan ɗaura ta akwai tazarar da talaka ba ya iya tsallakewa sai da bashi.

Akwai hali guda da maƙalar ba ta ko ambata ba, shi ne kuwa ya fi tayar mini da hankali, domin a cikinsa bin shawarar malam hasara ce tabbatacciya. A mafi yawan motocin nan bututun da ke sanyaya man giya ta cikin lagireto yake bi, ruwa na kewaye da shi, mu kuwa ruwan rijiya da na famfo muke ɗurawa a maimakon ruwan da aka haɗa don wannan aiki, tsatsa ta yi ta cin bututun har ya huje, ruwa ya haɗu da mai. Haka nan a watan Agusta, in aka kutsa da mota cikin ruwan da ya kwanta a titi, yana iya shiga ta ɗan bututun da giya ke numfashi da shi. Alamarsa man ya koma fari-fari, ruwan hoda mai kauri. Faiba kuwa asalinta wata irin takarda ce da aka liƙa wa faifan ƙarfe da gam, ruwa yana sakin gam ɗin, yana kuma sa ƙarafa tsatsa. Mutumin da aka koya wa kada ya taɓa man giya ba zai ja geji ba balle ya ga wannan, in ma ya gani zai ce an hana. A irin wannan hali kwana ɗaya ma jinkiri ne: sai a tsayar da motar, a canza lagireto in shi ne ya huje, a yi juye a maimaita har man ya fito da launinsa na asali, duk da haka ma ba kowace giya ke tsira ba.